Godiya ga Garejin da Ya Hana Ni Cire VVT-i daga Motata

Assalamu alaikum.

Na rubuto wannan wasiƙa ne domin in gode wa maigidan garejin gyaran inji da ke kusa da kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, tare da yaransa, bisa aikin da suka yi wa motata Toyota Corolla ƙirar 2006, mai injin 1ZZ-FE.

Motar ta daɗe tana kasala wajen ɗaukar wuta, ga shan mai, ga wata ƙara da take yi da safe idan an tayar da ita. Wani makanike ya ba ni shawarar a kashe na'urar VVT-i, wato na'urar da ke daidaita lokacin buɗewar bawul ɗin inji da kanta, a ɗaura wa kamshaf (sandar da ke buɗe bawul) giya irin wadda ake saitawa da hannu, yana cewa ita ce maganin matsalar, har ma za ta ƙara wa motar ƙarfi. Da wannan niyya na shigo garejinku, kuɗina a aljihu.

Maigida, ba ka karɓi kuɗin ba, sai ka zaunar da ni ka yi mini bayani. Ka ce giyar hannu wuri ɗaya take tsayawa: a sassauta notuna, a juya ta digiri kaɗan, a ɗaure, shi ke nan. In an tura ta gaba, mota ta samu ƙarfin tashi amma ta rage a babban gudu, in kuwa an ja ta baya, akasin haka ne. Ita kuwa VVT-i, ƙwaƙwalwar mota ce ke sarrafa ta da matsin baƙin mai, tana sauya lokacin buɗewar bawul ɗin shigar iska gwargwadon juyin inji da nauyin da yake ja, ko ana cikin cunkoson Kurna ko an miƙe hanyar Zariya.

Daga nan yaronka ya kwance ɗan matacin da ke tace mai kafin ya isa bawul ɗin da ke tura wa na'urar baƙin mai, ya ɗora mini a tafin hannu. Bai kai ɗan yatsa ba, amma ya toshe da baƙin datti kamar kwalta. Laifin nawa ne, domin na yi shekaru ina zuba mai kauri 20W-50 ina kuma jinkirta juye, alhali 5W-30 injin yake buƙata. Kuka wanke matacin, kuka canza bawul ɗin, kuka juye mai.

Abin da ya ƙara mini yarda da kai shi ne ba ka kushe giyar hannu ba. Ka nuna mini wata tsohuwar Honda Civic da aka goge mata top silinda har tayimin, wato lokacin buɗewar bawul, ya ɗan kauce, wadda ka ɗaura wa irin giyar domin mayar da shi daidai, tunda ita ba ta da na'urar da za ta gyara kanta.

Yau wata uku ke nan ƙarar safiya ba ta dawo ba, kuma motar na tashi yadda na san ta. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara albarka a sana'a.

Wassalam,
Mai Corolla ruwan toka, Kano