Ba a Rabat Mena ta faɗi ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in juye wata gardama da ta ƙi ƙarewa a fadarmu tun watan Satumba 2025. Ni tela ne a unguwar Wadata, nan Tawa, kuma a ƙofar shagona fadar take zama. Idan kowa na gari mun kai goma sha biyu, amma rabinmu ƴan bida ne, da an kai amfanin gona gida sai su kama hanyar Abijan. Tele tawa ce, butar shayi ta maƙwabcina ce, kuɗin abonoma kuma karo-karo muke yi kowane wata.

Ranar Juma'a 5 ga Satumba 2025, bayan sallar isha'i, muka shimfiɗa tabarmi don kallon Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu Nijar, da Maroko a sabon filinsu na Rabat, wasan neman shiga Kofin Duniya na 2026. Babu wanda ya zauna da niyyar ganin mun ci Maroko, ƙasar da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Kofin Duniya na 2022. Fatanmu mu fito da mutuncinmu. Ba a cika rabin sa'a ba aka ba ɗan wasanmu jan kati, muka koma mu goma. Kafin hutu an zura mana biyu, bayan hutu aka ƙara uku. Lokacin da ta huɗu ta shiga mai shayinmu ya zuba ruwa a garwashi ya ce shi ba ya dafa na uku a kan wannan abin kunya. Waɗanda suka ga ta biyar ba su wuce mu huɗu ba.

Washegari da hantsi aka buɗe shari'a, ni ina kan keke ina ɗinki ina saurare. Wani direban babbar mota ya ɗora laifin duka a kan masu tsaron baya, ya ce tafiya suke kamar an ɗora musu buhun gero, ɗan Maroko ya wuce su sau biyu kafin su juya. Wani ƙanena mai sayar da kayan waya ya ce matsalar a tsakiya take, ba mu da mutum ɗaya da zai taka balo ya riƙe ta ƴan baya su numfasa, duk wanda ta zo ƙafarsa sai ya dirka ta gaba kamar tana ƙona shi, ta dawo mana nan take. Wani tsohon mushe da ya yi ritaya ya ce rashin natsuwa ne, mutumin da ke ɗauke da katin gargaɗi bai kamata ya sake kai ƙafa irin haka ba, kuma aikin mai horaswa ne ya hango ya janye shi tun wuri. Akwai ma wanda ya ce mai horaswarmu Badu Zaki ɗan Maroko ne, don haka ya sayar da mu ga ƴan'uwansa. Wannan kam na ajiye almakashi na ce masa ya ji tsoron Allah. Mutumin da ya tsare wa ƙasarsa raga a Kofin Duniya na 1986, ya kai ta wasan ƙarshe na Kofin Afirka a 2004 yana mai horaswa, ba shi zai zubar da sunansa a kan wasan da Maroko ke iya ci ko ba a taimake ta ba.

Ban da wannan ta ƙarshe, duk abin da suka faɗa akwai gaskiya a ciki. Ni ma na gani da idona. Ƙungiyar da ta san kanta, idan ta koma mutum goma gaban wanda ya fi ta, sai ta rufe ƙofa ta karɓi biyu ta tafi gida. Mu kuwa bayan ta uku kowa ya kama gabansa, tsakanin ƴan baya da ƴan tsakiya sai ka wuce da amalanke. Ban musa ba. Abin da na ƙi yarda da shi, wanda kuma ya sa na ɗauki biro, shi ne cewa da ake yi wannan daren ne ya hana mu zuwa gaba.

A yi lissafi. Bayan Rabat, kwana huɗu kacal, yaran nan suka je Zanzibar suka ci Tanzaniya 1-0. A watan Oktoba suka ci Kwango ta Brazzaville 3-1, suka je Ndola suka ci Zambiya 1-0 a gaban mutanenta. Muka gama na biyu a rukuni da maki 15. Cikin ƙasashe tara da suka zo na biyu, huɗu ake ɗauka su je wasan cike gurbi. Gabon da Kwango ta Kinshasa sun wuce da maki 19 da 16. Kamaru, Najeriya, Burkina Faso da mu, duk 15 muka tsaya, bayan an cire wa sauran makin da suka samu a kan na ƙarshen rukuninsu, tunda a namu rukunin Eritiriya ta janye. Sai aka koma ga rarar ƙwallaye. Najeriya ta zuba wa Benin huɗu a Uyo a ranar ƙarshe, rararta ta zama bakwai, tamu ɗaya. A nan ƴan fadarmu suke tsayawa su ce ka gani, biyar ɗin Rabat ce ta kashe mu. To ko da biyu aka ci mu a Rabat, rararmu huɗu za ta zama, har yanzu muna ƙasan Najeriya da Burkina. Abin da muka rasa maki ɗaya ne. Da maki 16 muke da shi, da babu mai tambayar ƙwallo nawa aka zura mana.

Ina makin nan ya faɗi? Wasa uku muka rasa a zagayen duka. Ɗaya shi ne na Rabat, gidan mutane, ba abin mamaki. Sauran biyun wasanninmu ne na gida. Na farko a Nuwamba 2023, Tanzaniya ta ci mu 1-0, a Marrakesh aka buga. Na biyu ranar 21 ga Maris 2025, cikin azumi, mun dawo daga asham muka kunna tele. A takarda mu ne masu masauki, Maroko baƙuwa. Filin kuwa yana Ujda, cikin ƙasar Maroko, cike da ƴan Maroko da tutocinsu. Duk da haka mu muka fara ci, ana dawowa hutu Yusuf Umaru ya saka ta. Suka rama, muka riƙe 1-1 har minti 90 ya cika, sai a cikin ƙarin lokaci suka jefa ta biyu. Makin da muke nema ke nan, yana hannunmu ya zube.

Malam Edita, ko a dambe ko a kokowa ka taɓa jin an ce wa mutum kai ne mai gida, amma a ƙofar gidan abokin karawarka za a yi, makaɗansa ne za su yi kiɗa, ƴan garinsu ne za su cika fage? Mu nan Tawa aka fara gasar takobi a 1975, mun san abin da kirari da kalangu ke ƙara wa ɗan kokowa idan gwiwa ta fara sanyi. Minti biyar na ƙarshe a balo ba ƙafa ke buga su ba, sauran numfashi ne da ihun mutanenka a bayanka. A Ujda ihun nan na wasu ne.

Kuma ba sau ɗaya aka yi mana haka ba. A neman shiga Kofin Afirka na 2025 mun ci Sudan 4-0, mun je Akara mun ci Gana 2-1, amma Sudan ta wuce da maki 8 mu muna da 7. Nan ma maki ɗaya. Wasanmu na gida da Gana a Berkan aka buga shi, Maroko ke nan, aka tashi 1-1. Wanda muka ci Sudan a Lome ne. Na gida da Angola mun rasa shi 1-0, shi ma ba a ƙasarmu ba. Dalilin kowa ya san shi, hukumar ƙwallon Afirka ba ta amince da filin Seyni Kunce na Yamai ba a wannan tsakani, kuma ba mu da wani filin da ya cika sharuɗɗanta.

Ni na san abin da filin nan yake yi wa baƙo, don na taɓa zama a cikinsa. A watan Oktoba 2010 ni da wani aminina, Allah ya jiƙansa, muka shiga mota daga Tawa, muka bi ta Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, tafiyar da ta haura kilomita 500, don kawai mu ga Mena da Masar. Masar ɗin da ta ɗauki Kofin Afirka sau uku a jere, 2006, 2008 da 2010. Tun kafin azahar muka shiga fili, rana tana dukan kanmu, ba mu da komai sai ruwan leda da ƙosai a takarda. Da Musa Ma'azu ya jefa ƙwallon nan ban san lokacin da na rungume wani Bazabarme da ke kusa da ni ba, ba na jin yarensa sosai, shi ma Hausarsa kaɗan ce, amma mun yi ta tsalle tare. Hulata a can na bar ta. Abin da ban manta ba shi ne yadda ƴan Masar suka koma a rabin na biyu, zafi ya dafa su, duk wanda ya taɓa balo fili ya ɗauki ihu. Aka tashi 1-0.

A wannan zagayen, ƙarƙashin mai horaswa Haruna Dula, wasa uku muka buga a Yamai muka cinye duka, Masar, Saliyo da Afirka ta Kudu. Uku muka buga a waje muka rasa duka, na ƙarshe ma Masar ta ci mu 3-0. Maki taran nan na gida su suka kai mu Kofin Afirka na 2012, karon farko a tarihinmu, ranar da ƴan Afirka ta Kudu suka yi ta rawa a fili suna zaton su suka wuce, ashe ba su karanta doka ba. Shekarar da ta biyo ma haka, Gini ta ci mu 1-0 a Konakiri, ta zo Yamai muka ci ta 2-0, muka tafi gasar 2013. Sau biyun nan ke nan da muka taɓa zuwa, kuma duka filin Yamai ne ya kai mu. Kifi a ruwa sarki ne.

Ga abin da ke ba ni takaici. Ƴan wasan 2010 ba su iya cin wasa a waje ba. Na yanzu sun iya. Akara, Zanzibar, Ndola, wuraren da a da in mun je addu'armu kada a yi mana yawa. Wato abin da ya fi wuya sun koye shi, abin da yake haƙƙinsu ne aka hana su. Da za a haɗa ƙafar waɗannan yaran da filin da su Kasali Dauda, mai tsaron ragarmu na 2010, suka samu, ban ce za mu je Kofin Duniya ba, amma ba za mu zauna muna lissafin maki ɗaya sau biyu a jere ba.

Tsohon mushenmu ya ce da ni ina neman mafaka ne, fili ba ya koya wa ɗan baya gudu, ba ya koya wa ɗan tsakiya riƙe balo. Gaskiyarsa ta wani gefen. Yaran da ke buga balo a bayan shagona a kan yashi da tsakuwa suke yi, ba takalmi, duwatsu biyu ne ragarsu. Yaron da ya girma balo na yi masa tsalle yadda ta ga dama, dole ya saba dirka ta sama, don in ya tura ta ƙasa ba ta isa inda ya nufa. Nan ne asalin abin da ƙanena ke kuka da shi. Manyan kulob ɗinmu kuma, su Sahel, AS FAN, AS Douanes, USGN da sauransu, kusan duk a Yamai suke, yaron Adar in ba Allah ya haɗa shi da mai kai shi can ba, ƙarshensa bida. Wannan gyara ne na shekaru goma ko fiye, na yarda. Amma gyaran fili ɗaya ba na shekaru goma ba ne. Filin nan shi ya karɓi wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci na 2005, ya karɓi Kofin Afirka na ƴan ƙasa da shekara 17 a 2015, da na ƴan ƙasa da 20 a 2019. Ba daga tushe za a fara ba. Kuma kowane wasan gida da aka kai Maroko ko Togo, kuɗin jirgi ne, kuɗin masauki, kuɗin hayar fili, ga na tikiti da mutanen Yamai za su biya ya tafi a banza, ban da mai ruwan sanyi da mai tsire da ɗan kabu-kabu da ke ci a ranar wasa.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka tura wakilinka na Yamai ya shiga filin nan ya gani da idonsa, ya tambayi masu ruwa da tsaki abin da hukumar Afirka ta ce a gyara, ciyawa ce, kujeru ne, fitilu ne ko ɗakunan ƴan wasa, me aka gama, me ya rage, kuma wace rana. A buga mana amsar da ranar a jarida, mu yanke mu liƙa a bangon shago. Masu sharhi a rediyo sun isa da zagin ƴan baya, wannan mu ma mun iya a fada.

Ina da yaron shago ɗan shekara goma sha biyar, shi ke yi mini guga da saka maɓalli. Rigar Hakimi yake sawa, ya san sunan ƴan wasan Maroko har na benci, na Mena bai wuce uku ba. Na yi masa alkawari duk ranar da Mena ta dawo buga wasa a Yamai zan rufe shago kwana biyu mu tafi tare, kuɗin mota a kaina. Tun watan jiya ya buɗe asusu na kuɗin tikitinsa.

Na gode.

Mai karatunku,
wani tela daga Wadata, Tawa