Rahoton Ayyukan Shekara: Dogon Hutu da Shirin Neman Aiki

'Yan uwa mambobi, assalamu alaikum.

Kamar yadda tsarin ƙungiyarmu ya tanada, ga rahoton abin da kwamitin gudanarwa ya aiwatar a shekarar karatun da ta ƙare. Bayanin shiga da fitar kuɗi yana hannun ma'aji, zai gabatar da nasa daban. Tarurrukan wata-wata sun gudana, an tarbi sababbin ɗalibai a zangon farko, an kuma yi darussan bita gab da jarrabawa. Waɗannan kun gani da idonku, ba sai na ja magana ba. Inda ƙarfinmu ya tafi bana shi ne dogon hutu.

A babban taron bara 'yan ajin ƙarshe suka koka cewa ƙungiya tana taimaka wa mutum ya ci jarrabawa, amma ba ta ce masa uffan a kan abin da zai tarar ranar da ya karɓi kwalinsa. Kukan nasu yana kan hanya. Rahoton da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta fitar a 2024 ya nuna cewa a 2023 rashin aikin yi tsakanin matasan duniya ya kai kashi 13 cikin ɗari, kusan mutum miliyan 65 ke nan. Cikin kowane matasa biyar kuma, ɗaya ba ya aiki, ba ya karatu, ba ya koyon sana'a, kuma biyu cikin uku na waɗannan mata ne. Shi ya sa muka dage cewa duk zaman da za a shirya a sa shi a lokacin da 'yan uwanmu mata za su iya halarta.

Kafin a watse muka roƙi kowa ya rubuta shafi ɗaya tak, ya amsa tambayoyi uku: me na iya, wa zai shaida na iya, me nake so in ƙara kafin a dawo. Tambaya ta biyu ce ta tsaya wa mutane a wuya. Da yawa sun cika rabin shafi da abubuwan da suka iya, da aka zo kan mai shaida sai alƙalami ya tsaya. Daga nan muka gane inda gizo ke saƙar, kuma kusan duk abin da muka yi a hutun a kan wannan giɓi muka gina shi.

Zama mafi armashi shi ne na ranar 15 ga Yuli, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2014 don ƙwarewar matasa. Mun haɗu ta Zoom da wasu tsofaffin ɗalibai, aka riƙa ɗora takardar bayanin karatu da ƙwarewa, wato sibi, a kan allo ana gyarawa tare. Wata 'yar aji uku ta ɗora tata: sunan makarantu, sai jerin yabo, mai ƙwazo, mai gaskiya, mai iya zama da jama'a. Ɗaya daga cikin yayyenmu, wadda aikinta ke nan tantance masu neman aiki, ta tambaye ta, "Ƙanwata, hutun bara me kika yi?" Ta ce, "Ba komai, Yaya, ina gida ne kawai." Da aka ci gaba da tambaya sai ga shi ta tara yaran maƙwabta tana koya musu lissafi har hutu ya ƙare, tana rubuta makin kowa a Excel, tana aika wa iyaye sakamako duk ƙarshen mako. Yayar ta ce ta goge jerin yabon nan gaba ɗaya, ta rubuta yawan yaran, tsawon lokacin, da abin da ya canza a makinsu, ta kuma nemi izinin ɗaya daga cikin iyayen ta sa shi a matsayin mai shaida. Cikin mintuna kaɗan takardar ta zama ta mutum mai abin nunawa. Ina roƙon duk wanda ya yi hutunsa yana taimakon gida ko yana aikin neman kuɗin makaranta ya daina cewa bai yi komai ba.

A zaman ne kuma aka ja hankalinmu cewa manyan ma'aikatu da dama suna amfani da manhaja wajen tace takardu kafin idon mutum ya kai kansu. Saboda haka a karanta tallar aikin da kyau, a yi amfani da kalmomin da ke cikinta idan har sun dace da abin da mutum ya iya, a rage ado da zane-zane.

Gwajin intabiyu ya fi ba mu wahala. An tambayi wani ɗan uwa ya ba da labarin lokacin da ya warware wata matsala cikin aikin rukuni. Ya yi bayani mai kyau, sai dai daga farko har ƙarshe "mun yi" yake cewa. Mai tambayar ya tsayar da shi: "Kai fa, me ka yi?" Ya yi shiru. Mun tashi da jin cewa yabon kai jahilci ne, kuma haka ne, amma faɗin abin da ka aikata ga wanda ya tambaye ka ba yabon kai ba ne. An koya mana jera amsa hawa huɗu: halin da aka shiga, nauyin da ya hau kanka, matakin da ka ɗauka, da abin da ya biyo baya. Waɗanda suka sake gwadawa bayan mako guda sun ji bambanci a bakinsu.

Sai batun kwasa-kwasan intanet, wanda a kansa nake da magana. Dandalin Tattalin Arziki na Duniya ya ce a rahotonsa na 2025 masu ɗaukar ma'aikata suna hasashen kashi 39 cikin ɗari na muhimman ƙwarewar aiki za su sauya nan da 2030, don haka neman ƙarin ilimi wajibi ne. Amma mun ga mambobi suna tara satifiket daga shafin kwasa-kwasai na Coursera da makamantansa suna liƙawa a LinkedIn, dandalin ma'aikata da masu neman aiki, in an ce su nuna abu ɗaya da suka haɗa da hannunsu sai a rasa. A ganina kwas ɗaya da ka gama, ka fito da ɗan aiki da wani zai iya buɗewa ya duba, ya fi goma da aka bi a guje. Haka wasiƙun neman aiki da ƙirƙirarriyar basira ta rubuta: yayyenmu sun ce suna gane su, don duk bakinsu ɗaya kuma babu mai wasiƙar a ciki. A yi amfani da ita wajen gyara, amma labarin ya zama naka.

Mun kuma haɗa mambobi da tsofaffin ɗalibai masu aiki a fannin da suke sha'awa, domin hira kawai, ba roƙon aiki ba. Wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya nuna tun 1973 cewa labarin aiki ya fi zuwa daga wanda kuke gaisawa jifa-jifa, saboda na kusa da kai abin da ka sani shi suka sani. Wani mamba ya dawo daga irin wannan hira yana cewa aikin da ya daɗe yana buri ashe bai dace da shi ba. Mun ɗauki wannan a matsayin nasara, tunda ya gano yana da sauran shekara biyu a gaba.

Abin da bai yiwu ba shi ne samar wa mambobi guraben horon sanin makamar aiki. Mun rubuta wa ma'aikatu da kamfanoni, kaɗan ne suka amsa, kuma waɗanda suka amsa sun ce sun rufe karɓa tun kafin hutu. Wasiƙun baɗi dole su fita a zangon farko. Rashin data da raunin sabis sun hana wasu shiga zaman Zoom. Mun naɗi murya mun tura ta WhatsApp, amma sauraro ba ya maye gurbin a duba takardarka. 'Yan aji ɗaya da na biyu kuwa ba su fito sosai ba, suna ganin da sauran lokaci, alhali su ne suke da hutu uku ko biyu a gabansu.

Muna miƙa godiya ga yayyenmu da suka ba da lokacinsu kyauta, da malaman da suka duba takardun mambobi. Kwamitin gudanarwa yana ba sababbin shugabanni shawarar su kafa ƙaramin kwamiti na dindindin kan shirin aiki, wanda zai riƙe rajistar tsofaffin ɗalibai ya kuma shirya zaman gyaran sibi ido da ido kafin a tafi hutu. Duk mai sha'awar shiga ya ba da sunansa ga sakatare. A taron wata mai zuwa kowa ya taho da shafin da ya rubuta kafin hutu, za mu zauna rukuni-rukuni mu cike amsar tambaya ta biyu.

Sakatare,
a madadin kwamitin gudanarwa