Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Masu Sarrafa Dankali

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana mata.

An yi taron wata-wata kamar yadda aka saba, ban da na watan azumi da aka ɗage.

Bari in fara da kuɗin wata, tunda shi ya cinye mini takalmi. Mu 42 ne a littafi, naira 500 ce kacal a wata, amma waɗanda suka biya cif ba su kai rabi ba. Akwai gidan da na je sau uku, kullum "Malam bai dawo daga kasuwa ba". To masu tambayar ina injin yankan dankali, amsarku ke nan. Ba wadda ta ci kuɗin, ba su taru ba ne, kuma farashin da maƙeri ya faɗa mana a Kano bara ba shi ne na bana ba. Har yau da wuƙa muke fere da yanka, shi ya sa garin dankalin da muka yi bai wuce buhu biyu ba.

Maganar iri ma na ji ana ƙananan maganganu. Kun san dankali yaɗonsa ake yanka a dasa, dole a raya shi a fadama har rani ya wuce. An raba kwanakin ban ruwa, mutum huɗu suka riƙe nasu. Darni ya faɗi, awaki suka yi mana aika-aika. Da damina ta sauka sai sayen yaɗo muka yi, da aka haƙa kuma rabinsa fari ne. Farin da daɗi, amma mai jan cikin ne ke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai taimakon idon yara, kuma don shi muka kafa ƙungiyar.

Alhamdu lillahi, walimar saukar Islamiyya ta wanke mana zuciya. Tun asuba aka ɗora tukwane a gidan Hajiya shugaba. Aka dafa dankalin, aka murƙushe, aka kwaɓa da fulawa da yis, sukari ɗan kaɗan don zaƙinsa ya wadatar. Fanken ya fito ruwan ɗorawa, har wata baƙuwa daga Wudil ta rantse ƙwai muka zuba, sai da Inna ta ja ta madafi ta nuna mata ɓawon. Ga cincin, ga kunun gyaɗa da muka ɗaure da garin dankali, ga miyar ganyensa da tsofaffi suka fara yi wa kallon raini, daga baya suka nemi ƙari. Kafin la'asar robobi sun koma wayam, muka tashi da odar suna biyu da biki ɗaya. Wasu fuskokin da na gani a wajen rabo, rabona da su tun taron farko.

Taro na gaba Asabar ta farko bayan an gama haƙar dankali. Mai bashi ta zo da kuɗinta, mai kara ta kawo dami ɗaya na gyaran darni. Wadda bashinta ya haura wata uku, zan karanto sunanta.

Sakatariya