Zuwa ga ɗiyata Rahila, kan zancen gwajin hali

Ɗiyata Rahila, gaisuwa cikin sunan Yesu. Mu nan Sakkwato lafiya lau sai zafi, wagga shekara ko da dare sai mun fito da tabarma tsakar gida. Babanki da ƙannenki suna gaishe ki.

Saƙon muryar da kika turo min a WhatsApp sai da na saurare shi sau uku, wai kun yi gwajin hali a intanet ke da Iliya ya nuna ke kolerik ce wato mai zafin rai, shi kuma filegmatik wato mai sanyin jiki, shi ne har kin fara tunanin anya auren nan zai yiwu. Haba Rahila, a kan tambayoyin waya?

Abin ga ba sabo ba ne. Likitocin Girka na dā, su Hippocrates da Galen, su suka ce ruwa iri huɗu ne a jikin mutum kuma wanda ya rinjaya shi ke ba da hali, mai fara'a da surutu, mai zafin rai, mai zurfin ciki, da mai sanyin jiki. Likitocin yau sun bar zancen ruwan, rabon halin ne ya zauna, sai wani fasto ɗan Amurka Tim LaHaye ya yi littafi a kai a 1966, ta nan ya shigo coci har muka ji shi a zumuntar mata.

Ni dai ya taimake ni gaskiya. Kin san bakina. Farkon aurenmu in na kawo magana sai babanki ya yi shiru yana kallon ƙasa, ni kuma in ɗauka reni ne in ƙara ɗaga murya, shi kuma ya ƙara shigewa ciki, mun fi shekara a haka ina kuka ni kaɗai a madafa. Ashe mutumin sai ya kwana da magana kafin ya iya amsa ta. Ran da na gane haka na koyi faɗin damuwata da dare in kama bakina, da safe kafin ya fita shi da kansa zai ce Maman Rahila zo mu gama zancen jiya. Ina jin irinsa kika samu, shirun Iliya ba ƙiyayya ba ne.

Amma inda nike jin tsoro shi ne kalmar nan da kika faɗa, ni haka nike. Hausawa na cewa hali zanen dutse, to mu kuma mun karanta a Ezekiyel 36:26 Ubangiji yana cire zuciyar dutse ya ba da ta nama. Dubi Bitrus, mutumin da ya zare takobi ya sare kunnen Malkus, shi ne daga baya ya rubuta mana mu riƙa amsa wa mutane da tawali'u. Zafinsa bai mutu ba, da shi ya tsaya ya yi wa'azi ran Fentikos, linzami ne ya samu. Haƙuri da kamunkai da ke Galatiyawa 5 ba a ware su don masu sanyi kaɗai ba, har da ni da ke. Shi ma Iliya sanyinsa ba zai zama dalilin ɓoye miki abin da ke ransa ba, wanga kuma babanki ya ce shi zai zauna da shi.

Ki ajiye sakamakon, ki tambaye shi da bakinki mi ke ɓata masa rai a halinki, in ya fara magana kar ki katse shi ko da ya daɗe yana laluben kalma. Ku yi addu'a tare bayan nan.

Ku zo Ista ku biyu, ki gaya min ranar da za ku taso in sa a dama muku fura.

Mamanki