Wasiƙar godiya ga kamfanin da ya sanya mana na'urar zuƙe hayaƙin girki

Zuwa ga Manaja da dukkan ma'aikata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, na zaɓi in rubuto wannan wasiƙa a fili maimakon in kira ku a waya, domin abin da kuka yi mini bai kamata ya tsaya tsakanina da ku kaɗai ba.

Shekara uku ina da na'urar zuƙe hayaƙi a saman murhuna, shekara ukun nan kuma ina tari a kicin. In na kunna ta sai rugugi kamar jirgi zai tashi, amma hayaƙi na nan yana yawonsa. Farin fentin bango ya koma ruwan ɗorawa, saman kabad kuwa in ka ɗora hannu sai ya manne. Na riga na yanke wa na'urar hukunci, shi ya sa ranar da na shigo wurinku na nufi mafi girma a cikin waɗanda kuka jera, na ce ita nake so.

Matashin da ya tarbe ni bai yi gaggawar rubuta rasit ba. Tambayoyi ya shiga yi mini: girman kicin ɗin, faɗin murhun, na gas ne ko na lantarki, sannan ina bututun tsohuwar na'urar yake fitar da hayaƙi. Wannan ta ƙarshe ban iya amsa ta ba. Sai ya ce, "Hajiya, kada ki sayi komai tukuna. Bari mu zo mu gani da idonmu." Gaskiya a lokacin raina ya ɗan ɓaci, na ɗauka jan rai ne irin na 'yan kasuwa.

Washegari ma'aikatanku biyu suka zo, suka ɗaga silin, suka kira ni in leƙa. Bakin na'urar faɗinsa santimita 15 ne, amma wanda ya sanya ta tun farko (ba zan ambaci sunansa ba, Allah Ya shirye mu baki ɗaya) ya tsuke shi ya haɗa da bututu mai santimita 10, irin mai lanƙwasuwa ɗin nan mai tattara a jikinsa. Ya karya masa kwana har sau uku, sannan ya bar bakinsa a cikin silin. Ko bango bai huda ba. Wato duk tururi da maiƙon shekara uku a saman kanmu suke taruwa, katako har ya fara baƙi. Babban cikinsu, wanda na ji ana ce wa Injiniya, ya bayyana mini cewa in aka sauko daga 15 zuwa 10, hanyar iskar ba ta kai rabin ta asali ba, kuma kowace kwana tana ƙara rage mata gudu. Fankar na ta faman tura iska ta ƙuntatacciyar hanya, abin da ya haifar da ƙarar da ta hana ni jin sallama ke nan.

Daga nan ya zaro tef ɗin awo. Kicin ɗina tsawonsa mita 4 ne, faɗinsa 3, daga ƙasa zuwa silin 3, ya ba da kubik mita 36. Ya ce ana so na'ura ta iya sauya iskar ɗakin girki kamar sau goma a awa guda, don haka ina bukatar mai zuƙar kubik mita 360 a awa, a ɗan ƙara sama kaɗan saboda abin da bututu zai ci. Ya kuma nuna mini wani abin da ke gabana kullum ban taɓa lura da shi ba: murhuna faɗinsa santimita 90 ne, tsohuwar na'urar kuwa 60. Tukwanen gefe ba su ƙarƙashinta sam, hayaƙinsu ta gefe yake tserewa.

Na ce to ai sai mu koma kan babbar da na zaɓa. Ya ƙi. Ya ce iskar da na'ura ta fitar dole wata ta shigo ta maye gurbinta, kuma in ƙarfinta ya wuce kima a gidan da ke rufe ruf, tana iya jawo hayaƙin wata na'urar mai ƙona gas, kamar ta dumama ruwa, ta dawo da shi cikin ɗaki, alhali gubar da ke cikinsa ba ta da wari balle a ankara. Sannan ga ƙara. Ya nuna mini lambar desibel, wato ma'aunin ƙara, a jikin takarda, ya ce hirar mutane ta yau da kullum wajen 60 take, in zaɓi wadda ba ta wuce haka a matsakaicin gudu. Maganarsa a nan ta zauna mini, domin ni shaida ce: na'urar da ke hana ka jin maganar na kusa da kai, ƙarshenta daina kunna ta za ka yi. Haka na tashi da matsakaiciya mai faɗin 90, wadda ba ta kai kuɗin waccan ba. Ban saba ganin mai sayarwa ya ja mai saye baya daga kaya mai tsada ba.

Mun ɗan tattauna kan nau'in da ba ya bukatar bututu, mai tace iska ta gawayi ya mayar da ita ɗaki. Yana rage wari da maiƙo, amma tururi na nan, kuma gawayin sai an riƙa sauya shi duk bayan wata uku zuwa shida. Tunda murhuna na jikin bangon waje, magana ta ƙare.

Ranar sanyawa sun makara da kusan awa biyu, wannan kam sai na faɗa, ko da yake sun kira sun ba da haƙuri. Amma aikin ya wanke su. Mun yi 'yar jayayya kan tsayi, don ni doguwa ce, ina so a ɗaga ta sosai kada in riƙa buga goshi. Injiniya ya buɗe littafin da ya zo da na'urar ya nuna mini, ya ce ga murhun gas wajen santimita 75 ake bari, na lantarki wajen 65. In ta yi ƙasa zafi ya lalata ta, in ta yi sama hayaƙi ya watse kafin ya isa. Suka huda bango, suka sa bututun ƙarfe mai santsin ciki, santimita 15 tun daga bakin na'ura har waje, sau ɗaya tak ya karya kwana. Suka liƙe mahaɗai da tef na alminiyam, suka sa marfi a waje wanda ke buɗewa in iska ta turo shi, ya rufe in an kashe, don kada ƙwari da tsuntsaye su mayar da shi gida. Wayar ƙasa mai kare mutum daga jan lantarki ma sun haɗa ta. Da suka gama, ƙaramin ya ɗauki tishu ya kara a jikin ragar maiƙon na'urar, ta manne ta ƙi faɗowa. 'Yata ta yi ta dariya kamar an yi mata dabo.

Ba su tafi ba sai da suka sa ni na cire ragar maiƙo da hannuna na mayar, har sau biyu. Duk wata nake jiƙa ta a ruwan zafi da sabulun wanke kwanuka, in goge da burushi mai laushi, in bari ta bushe sarai, kuma sai na kashe wuta daga soket kafin in taɓa komai. Sun ja mini kunne cewa ragar da ta cika da maiƙo ba ta zuƙa, kuma ita ce ke kamawa da wuta in harshen wuta ya yi tsalle, don haka ba na barin murhu na ci babu tukunya a kai. Ina kunna na'urar 'yan mintoci kafin in ɗora girki, in bar ta minti 10 zuwa 15 bayan na sauke. Soye-soye kuwa na mayar da su kan idanun murhu na baya, inda ta fi kama hayaƙi. Soson ƙarfe an hana ni kai shi jikinta, sai tsumma mai laushi.

Bayan wata ɗaya wata ma'aikaciyarku ta kira ta tambaye ni ko na wanke ragar. Ban wanke ba. Kunya ta sa na wanke ta a daren.

Yau wata biyar ke nan. Mun sake fenti, har yanzu fari ne, kuma ina jin kukan jikata daga falo ina tsaye a gaban murhu. Don Allah, Manaja, a isar da godiyata ga Injiniya da abokin aikinsa, da matashin nan da ya hana ni sayayya ranar farko, a ce masa na janye fushin da na yi. Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara wa kasuwarku albarka.

Wassalam,
Taku mai godiya.