Wasiƙa zuwa ga aminina a Ingila: jiragen da suka bi ta Kano

Ƙofar Ƙaura,
Katsina.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara, kuma sanyin ƙasar Turawa ya zo muku da sauƙi. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Hunturu ya kankama, wasu ranakun har hantsi ya ɗaga ba ka hango hasumiyar Gobarau saboda hazo. Inna tana gaishe ka, kullum sai ta tambayi yaushe za ka zo ganin gida.

Saƙonka ya iso. Wanda ka ba wa ya kawo mini har gida, kwalayen ƙananan samfuran jirgi da tanka na roba da ake haɗawa da hannu ba wanda ya lotse, fenti da gam ma ba su zube ba. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Na so in yi maka bayani ta waya, sai na ga maganar ta fi ƙarfin saƙon murya.

Da Spitfire, jirgin yaƙin Ingila, samfurin kamfanin Airfix na fara. Lambar nan 1/72 da ke jikin kwalin ita ce ma'auninsa: duk santimita 72 a jikin jirgin gaske, santimita ɗaya ce a nan. Faɗin fukafukan Spitfire ya ɗan haura mita 11, amma a kan teburina bai cika santimita 16 ba. Duk da wannan ƙanƙanta, akwai kujerar matuƙi, akwai sandar tuƙi, har layukan da aka haɗa faranti da faranti a jikin jirgin sun fito raɗau. Ka tuna motar kara da ta langa-langa da muke yi a zauren gidanku, mu yanka tsohon silifa mu yi taya? Daɗin zama da haƙurin iri ɗaya ne. Abin da ya ƙaru shi ne a nan ba ka da ikon ƙirƙira yadda ka ga dama, akwai wani abu na gaske da ya taɓa tashi sama wanda dole ka bi kamanninsa.

Kayan aikina ba su da yawa. Abin yanke farce nake cire gutsattsarin da shi daga jikin firam ɗin robar da suke zuwa manne da shi, in kankare bakin da reza, in bi da sanfefa mai laushi. Kafin komai sai na wanke robar da ruwan sabulu don fenti ya kama. Ba na sa gam sai na gwada ɓangarorin sun zauna daidai, kuma cikin ɗakin matuƙi ake fara shafa wa fenti, domin da zarar ka rufe gangar jikin, burushi ba ya ƙara shiga wurin. Gam ɗin da ka haɗo mini shi ne ya fi ba ni mamaki. Narkar da fuskar robar yake yi, ɓari biyu su koma abu guda kamar aikin mai walda, shi ya sa ɗigo ɗaya a bakin tsinken sakace ya isa. Sufa gulu na shago kuwa ba ya kusantar gilashin matuƙi, tururinsa yana mai da gilashin fari fat. Da farin gam na kafintoci nake kafa wannan. Sai robar ɗaure kuɗi da maƙalin shanya su riƙe mini har ya kwana.

Fenti a Katsina cikin hunturu aiki ne na daban. Kafin ka kai burushi jikin fiffike ya fara bushewa, ga ƙura tana sauka ba sallama. Dabarar da na tsaya a kanta ita ce in yi shafin bayan sallar asuba, lokacin iska ba ta tashi ba. In yayyafa wa ɗakin ruwa, in kashe fanka, in tsinka fentin sosai, in shafa siriri-siriri, in kife masa babbar roba har ya sha iska kafin in maimaita. Shafi mai kauri sau ɗaya cike layukan yake yi, jirgin ya koma dunƙule. Tamburan da ake liƙa wa jikin jirgin kuma a ruwa mai ɗumi ake jiƙa su, su saki takardarsu, a zame su a hankali zuwa wurin zamansu, a danne da auduga. Sun fi kwanciya a kan fenti mai sheƙi.

Yanzu ga abin da ya sa na ce sai wasiƙa.

Da na gama Spitfire na ajiye shi a kan kanta, ya yi kyau ƙwarai, amma hoton da ke kwalin sararin samaniyar kudancin Ingila ne a 1940. Labarin mutanen da kake zaune cikinsu ne. Sai na shiga karatu a kan ɗan'uwansa Hurricane, na ci karo da abin da ba a taɓa koya mana a makaranta ba: dubban jiragen Yaƙin Duniya na Biyu ta Kano suka bi.

Ga yadda abin ya faru. A watan Yuni na 1940 Faransa ta faɗi hannun Jamus, Italiya kuma ta shiga yaƙin, sai tekun Bahar Rum ya zama tarko ga jiragen ruwan Ingila. Sojojinsu da ke Masar suna buƙatar jiragen sama, zagayawa ta ƙarshen kudancin Afirka kuma tafiyar makonni ce masu yawa. Sai aka riƙa kwance jiragen, a zuba su cikin manyan akwatuna, a kawo su ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar da yau ake kira Ghana. A can ake haɗa su, a ɗaura fukafukai da farfela, a gwada, sannan su taso: Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena ta yanzu, su shiga Sudan ta Darfur zuwa Khartum, su bi kogin Nilu har Alƙahira. Abin da ya buɗe tsakiyar hanyar shi ne gwamnan Chadi, Félix Éboué, wanda a watan Agusta na 1940 ya bi bayan Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na wannan shekara, kuma zuwa 1943 jirage sama da 5,000 sun bi wannan hanya. Ayari-ayari suke tafiya, Blenheim mai injin biyu a gaba saboda shi ke ɗauke da mai duba taswira, ƙananan Hurricane suna biye da shi. Ka dubi wannan hazon da ya hana mu ganin Gobarau, ka ƙiyasta matuƙin da ke neman filin Kano a cikinsa da taswirar takarda. Kano ɗin ma ba baƙuwar jirgi ba ce a lokacin, tun 1925 jiragen sojan saman Ingila suka fara sauka a can daga Masar.

Wallahi da na karanta haka sai na ji aikin ya zama nawa. Jirgi ya zo a kwance cikin akwati, a buɗe, a haɗa shi gaɓa-gaɓa a ƙasar Afirka ta Yamma. Kuma ba shakka akwai kakanninmu da suka tsaya a gona suka ɗaga kai suka gan su suna wucewa.

Shi Hurricane yana da abubuwan da mai haɗawa zai so. Rabin jikinsa na baya ba farantin ƙarfe ba ne, ƙyalle ne aka ja a kan ƙashin ƙarfe da katako, kuma a samfuri mai kyau za ka ga haƙarƙarin sun fito ta ƙarƙashin fenti. Waɗanda aka tura hamada an ƙara musu wata babbar matata a ƙarƙashin hanci don kada yashi ya cinye injin Merlin. Da ka ga wannan haɓar, ka san jirgin ƙasar zafi ne. Irinsa nake so in haɗa, da launin hamada na wajen 1942: ruwan ƙasa da ruwan rairayi a sama, shuɗi mai haske a ciki.

Na biyu da nake so in haɗa shi ne Dakota, jirgin dakon kaya. Ka tuna tsohon nan na bayan layinku da ya yi Yaƙin Bama, wanda yake ba mu labarin abinci na faɗo musu daga sama, mu kuwa muna ɗauka hira ce kawai? Gaskiya yake faɗa, Allah ya jiƙansa. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, da ta shiga kwarin Kaladan na ƙasar Bama a 1944, ta sama ake jefa mata abinci da harsashi, domin babu hanyar mota a wannan daji, kuma Dakota ne jakin wannan aiki. Ita da runduna ta 82 cike suke da 'yan Arewa, Hausa ce harshen bariki. Sarkin Katsina Usman Nagogo da kansa ya je ya duba su a can. Sunayen barikokin Legas irin su Dodan da Myohaung da Arakan duk daga wuraren wancan yaƙi aka ɗauko su. Ina so yaranmu su riƙe wannan jirgi a hannu in ba su labarin, domin na lura abin da yaro ya taɓa da hannunsa ya fi zama masa a kai.

Tankar T-34 ta Rasha, samfurin kamfanin Tamiya, kuwa na kusa gamawa. Ita ma'auninta 1/35 ne, don haka gutsattsarin sun fi girma, ido ya fi hutawa. Sai da na haɗa gabanta na fahimci hikimar Rashawa: farantin sulken a karkace yake, harsashi yana iya zamewa, kuma kaurin da zai huda ya ƙaru ba tare da an ƙara kaurin farantin ba. Sarƙarta mai faɗi ce don laka da ƙanƙara. Wurin da na fi jin daɗi shi ne tsufar da ita. Tankar da ta fito fes ba ta yi kama da wadda ta je fagen daga ba. Na tankaɗe ƙasa da rariya har ta yi laushi, amma tamu ja ce, ta yankin Kursk inda aka gwabza a 1943 kuwa baƙa ce, don haka na daka gawayi na gauraya, na kwaɓa da farin gam da ruwa, na cusa tsakanin tayoyi da ƙasan sarƙa. Bakin fensir na goga a gefunan da ƙafar soja ke taka wa, sai ga ƙyallin ƙarfe ya fito. Bakin bututun hayaƙi kuma garin gawayi zalla.

'Yan mutum-mutumin sojoji da ke zuwa cikin kwalin ba na haɗa su. Ka san matsayin surar abu mai rai a wurinmu, ni kuma hankalina ya fi kwanciya in bar su. Kujerar matuƙi a buɗe take ba kowa, na yi mata ɗamara da siririn tef, kuma a ganina hakan ma ya fi nuna aikin cikin.

Akwai maganar da wani maƙwabcina dattijo ya yi mini wadda ta tsaya mini a rai. Ya ga tankar, ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko mutanen Katsina ba su gaji da kayan yaƙi ba. Yana da 'yan'uwa da suka baro ƙauyensu a yankin Batsari saboda 'yan bindiga. Ban ɗauki maganarsa da wasa ba. Mu da muke jin labarin Jibiya da Safana da Ɗanmusa ba mu da hujjar ɗaukar yaƙi abin sha'awa. Abin da na ce masa shi ne, ni idan na zaunar da yara a gaban waɗannan abubuwa, ina gaya musu mutane ne a ciki, da yawansu samari ne da ba su koma gida ba. Shi ya sa har yanzu nake jinkirin jirgin MiG-17 da motar sulke ta Saladin, duk da ina son su. MiG ɗin ma, ƙirar Tarayyar Sobiyet, Kano aka fara sauke su a 1967. Amma wannan yaƙin basasarmu ne, waɗanda aka jefa wa bam ɗin 'yan ƙasarmu ne, kuma akwai masu rai da ke ɗauke da tabonsa. Zan haɗa su in Allah ya so, sai dai ina so in ƙara karatu tukuna, in san abin da zan faɗa wa yaro idan ya tambaye ni wa aka harba da wannan.

Yaran unguwa sun fara taruwa ranar Asabar da yamma. Babban ɗana shi ke riƙe hantsaki yanzu, hannunsa ya fi nawa tsayawa wajen ƙananan abubuwa. Akwai wani yaro ɗan gidan mai gyaran rediyo da ya dubi Spitfire sau ɗaya, bayan mako ya dawo da nasa na kwali da gwangwanin madara, har da lanƙwasar fiffiken nan mai siffar ƙwai ya kamo. Shi na ba wa firam ɗin da suka rage da ragowar fenti.

To ga roƙona, idan ba zai yi maka nauyi ba. Ka nemo mini Hurricane na 1/72 mai matatar hamada, ka duba hoton kwalin ka tabbatar akwai haɓar nan a ƙarƙashin hanci. Sai Blenheim da zai ja masa gaba, sai Dakota. Shi Dakota kwalinsa babba ne, domin fukafukansa mita 29 ne, a wannan ma'auni za su kai santimita 40, don haka in kaya sun yi wa mai tahowa yawa a bar shi sai wani zuwan. Fenti kuma mai narkewa da ruwa, a jikin kwalaben za ka ga an rubuta Dark Earth, Middle Stone da Azure Blue. Ka ja wa mai kawowa kunne kada ya bar su cikin mota a rana, robar lanƙwashewa take yi. Kuɗin ka faɗa mini nawa ne, zan ba ƙaninka a nan, kuma don Allah wannan karon kada ka ce a bari.

In ka sami sarari ka kai yara gidan tarihin sojan sama da ke Hendon a Landan, shiga kyauta ne, akwai Hurricane na gaske a ciki. Ka ɗauko mini hoton ramin tayoyinsa da bayan jikinsa inda ƙyallen yake, kusa-kusa yadda zan ga launin.

Ka gaida uwargida da yara, da duk 'yan gida da ke tare da ku a can. Allah ya tsare, ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Naka har kullum,
Amininka na Ƙofar Ƙaura.