Barka da Sallah daga Giranada

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum. Barkanku da Sallah, Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana. Mun yi idi a babban masallacin unguwar Albaisin, wanda aka buɗe a 2003, yana kallon fadar Alhambra. Layya a nan ba a yin ta a ƙofar gida, sai a mayanka, mahauci ya miƙo maka nama a leda. Ba babbaka, ba ƙamshin suya a layi, kuma shago a buɗe yake, don ba ranar hutu ba ce a wannan yanki na Sifen.

Baba, ka tambaye ni ta waya wane irin kafinta ne zai yi wata guda a kan abu ɗaya. Kati ya ƙare ban ba ka amsa ba. Jita muke haɗawa, kuma rabin aikin zaɓen katako ne.

Ka ɗauki gurmi: fata ce ke magana, ƙwarya tana riƙe da ita tana maido da amo. Haka jita take. Katakon fuska, wanda ke a matsayin fatar, dole ya zama marar nauyi amma mai ƙarfi, a kankare shi har kaurinsa ya dawo kusan milimita 2 da rabi. Iri biyu ake yayi. Akwai abeto na duwatsun Turai, fari, muryarsa tas, sai dai yana ɗaukar lokaci ana kaɗawa kafin ya saki jiki. Akwai sedaro ja na Kanada, wanda ya shigo sana'ar a shekarun 1960. Shi tun ranar farko yake ba da murya mai kauri, amma taushi gare shi, farce ma yana yi masa tabo. Maigidana yakan riƙe allo da yatsu biyu, ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne. Wanda ya ce "dum" ya yi shiru, gefe ake ajiye shi.

Katakon baya da gefuna shi ne abokin zaman da ake zaɓa wa fuskar. Falosanto na Indiya nauyi gare shi, yana sa amo ya daɗe yana shawagi, shi ya sa masu kiɗan natsuwa ke son sa. Masu filamenko kuwa, wato kiɗa da rawar gargajiyar kudancin Sifen, katakon sifires suke so a haɗa da abeto: sauti ya fito da kaifi ya mutu nan take, don kada ya rufe tafi da bugun ƙafar mai rawa. A nawa kunnen, sedaro a kan falosanto yakan yi duhu da yawa in ba a yi hattara ba. Na fi son abeto, maigidana kuma ya ce ƙuruciya ce.

Masu saye sun fi kallon baya saboda kyan zane, amma magana tana fuska. A 1862 Antonio de Torres, mutumin Almeriya da ya fitar da siffar jita ta yau, ya haɗa wata da baya da gefuna na kwali, fuskar kaɗai ce katako mai kyau, kuma ta yi kiɗa. Tana gidan tarihin kiɗa na Barsalona.

Abin da zai ba ka mamaki, baƙin katakon da ake shimfiɗawa a wuya, inda yatsu ke danne tsirkiya, daga Kamaru ake kawo shi, kuma dangin kanya ne. Wani jan katakon da ake yin wuya da shi dangin maɗaci ne. Falosanto na Birazil tun 1992 aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe, maɗobiyarmu ma da aka yi ta kwasa daga Taraba zuwa Sin ta shiga jerin itatuwan da ba a fita da su waje sai da takardar izini a 2017. Don Allah ka gaya wa Kawu kada ya bari a sare ta bakin gonar nan, ko nawa aka taya.

Inna, na turo kuɗi ta hannun Yaya, har da goron Sallar yara. A soya mini rabona a ajiye cikin mai, akwai mai tahowa bayan Sallah. Ku gaida Gwaggo da Auta, a ce masa ya riƙe karatu.

Ɗanku,
daga Giranada